Rumbun bayanan UCL kan masu bayin da aka biya diyya: sharhi, tare da gwaji a kan shafin John Gladstone

Tun daga 2019, shekarar da Gana ta yi kira ga jikokin bayi mazauna ƙetare su dawo gida, har zuwa taron neman diyyar bauta da aka yi a Akra a watan Nuwamba na 2023, wannan magana ba ta bar bakin mutane ba. Ana yin ta a rediyo, ana yin ta a majalisun shayi na Nima da Mamobi da Sabon Zongo, ɗaliban Legon da na Kumasi kuma suna ɗaukar ta a aikin kammala karatu. Sai dai yawancin hirar a kan "an ce" take tafiya: an ce Turawa sun biya masu bayi, an ce bayin ba su samu ko kwabo ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma akwai inda mutum zai shiga ya ga sunan wanda aka biya, da nawa aka ba shi, da kuma a kan mutum nawa, ba tare da ya kashe komai ba sai kuɗin data. Wurin shi ne rumbun bayanai na jami'ar UCL ta Landan mai suna Legacies of British Slavery, adireshinsa ucl.ac.uk/lbs.

Ga hukuncinmu tun daga farko. In sawun kuɗi kake son bi, daga gandun rake a Karibiyan zuwa gidaje da bankuna da kujerun majalisa a Ingila, babu wani shafi na kyauta da ya kama ƙafarsa. In kuwa kakanni kake nema, ko sunan wani da aka fitar ta Elmina ko Anomabo, hannu rabbana za ka fito, domin rumbun na iyayengiji ne, ba na bayi ba. Wanda ya riƙe wannan kafin ya shiga zai amfana ƙwarai.

Malaman tarihi na UCL ne suka gina shi, Farfesa Catherine Hall da Nicholas Draper da Keith McClelland da abokan aikinsu. Sun fara a 2009, suka buɗe wa jama'a a Fabrairu 2013. Tushensa takardun hukumar da ta raba diyyar ne, waɗanda suke ajiye a ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a ƙarƙashin lamba T71, da kuma jerin sunayen da aka gabatar wa majalisa a zaman 1837 zuwa 1838. Daga baya suka koma baya har 1763, suna bin gandaye ɗaya bayan ɗaya don a ga hannuwan da kowanne ya ratsa.

Dokar da alƙaluman suka tsaya a kanta

Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar soke bauta a 1833, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1834. Ta shafi bayi kusan 800,000 a Karibiyan da Morishus da yankin Kef na Afirka ta Kudu. Aka ware fam miliyan 20, wajen kashi 40 cikin ɗari na abin da gwamnati take kashewa a shekara a wancan zamani, aka raba wa masu bayi a matsayin diyyar dukiyar da aka raba su da ita. Gwamnati ba ta da kuɗin a ƙasa, sai ta ci bashin fam miliyan 15 a 1835 ta hannun Nathan Rothschild da Moses Montefiore, kuma baitulmalin Birtaniya da kanta ta faɗa a 2018 cewa sai a 2015 aka gama biyan tsofaffin basussukan da wannan ya narke a cikinsu. Bayin ba a ba su komai ba. In ka cire yara 'yan ƙasa da shekara 6, mafi yawan sauran an ɗaure su da wani tsari da aka kira koyon aiki, wato su ci gaba da yi wa tsohon ubangiji aiki kyauta har sa'a 45 a mako, masu aikin gona na shekara 6, sauran na shekara 4. Da hayaniya ta yi yawa sai aka yanke wa'adin, a Karibiyan kowa ya fita ranar 1 ga Agusta 1838. Takardun neman diyya kusan 46,000 aka shigar, su ne ƙashin bayan rumbun.

Yadda ake bincike, da abin da shafin mutum ya ƙunsa

Ba a rajista, ba a buɗe asusu, ba a sauke manhaja. Ka buɗe adireshin, ka shiga sashen bincike, ka zaɓi abin da za ka nema: mutum, gandu, kamfani, ko takardar neman diyya. Don gwaji, zaɓi mutum, ka rubuta Gladstone a gurbin sunan dangi, ka bar sauran guraben babu komai. Kada ka cika su tun farko. Yawancin masu cewa "ban samu komai ba" sun cika suna da shekara da ƙasa ne gaba ɗaya, ɗaya daga ciki bai dace da yadda aka rubuta a rumbun ba, sakamako ya fito wayam. Fara da faɗi, sannan ka matse.

Gladstone fiye da ɗaya za su fito, domin 'yan'uwa da 'ya'ya ma suna ciki. Wanda muke nufi shi ne John, haihuwar 1764, rasuwar 1851. Shafinsa, kamar na kowa, yana farawa da taƙaitaccen tarihi da inda aka samo shi. A ƙasa akwai jerin takardun diyya masu alaƙa da shi, kowace da sunan ƙasa da lamba da adadin kuɗi da matsayinsa a cikinta. Sai jerin gandaye da shekarun da yake da hannu a kansu, sai dangantaka da sauran mutanen rumbun, sai adireshi, sai abin da suka kira gadon da ya bari a kasuwanci da siyasa da gine-gine. Kowane suna da kowace lamba ana latsa su, kuma a nan ƙarfin rumbun yake: daga mutum ka faɗa gandu, daga gandu ka ga wanda ya riƙe shi kafinsa, daga can ka ga kamfanin da ya ba da rance.

John Gladstone ɗan garin Leith ne na Sukotland, ya koma Libaful ya yi arziki a cinikin hatsi, sannan ya shiga sukari da auduga. Hanyar da ya mallaki bayi ita ce hanyar manyan 'yan kasuwa da yawa na lokacin: ya ba mai gandu rance a kan jinginar ƙasa da bayi, mai gandu ya kasa biya, gandu ya dawo hannunsa. Haka ya samu rabin gandun Success a gabar Demerara, cikin ƙasar Gayana ta yau, a 1812, ya cike sauran rabin bayan shekara 4. Ya sauya noman daga kofi zuwa rake, ya ƙara bayi daga 160 zuwa fiye da 330. Daga baya ya haɗa da Vreed-en-Hoop, wanda yake tsallaken kogi daga Jojtawun, da wasu gandaye a Gayana, da kuma Holland da wasu a Jamaika. Duk wannan daga ofishinsa na Libaful yake juya shi ta wasiƙa, wakilai ne suke riƙe da bulala a can. Ya yi zaman majalisa, ya sayi katafaren gidan Fasque a Sukotland, aka ba shi sarautar baronet a 1846. Da aka zo rabon diyya, takardu 9 suka kawo masa fam 106,769 a kan mutum 2,508, wanda yana cikin mafi tsoka da aka ba mutum ɗaya. Ɗansa William, wanda ya zama firaminista har sau 4, jawabinsa na farko mai nauyi a majalisa a 1833 kare yadda ake tafiyar da Vreed-en-Hoop ne, bayan an zargi gandun da kashe bayi da aiki.

Success ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga mai karatu a Gana. A nan ne tawayen Demerara na 18 ga Agusta 1823 ya samo jagororinsa: Jack, mai ƙera gangunan katako na zuba kaya, da mahaifinsa Quamina, kafinta kuma dattijo a cocin mishan na maƙwabcin gandu. Masana sun ce Quamina haihuwar Afirka ne, daga ƙasar Akan, an sayar da shi tare da mahaifiyarsa yana yaro. Sunan nasa Kwamena ne na Fante, na wanda aka haifa ranar Asabar. Landan ta aiko da umarnin sassauci, a daina yi wa mata bulala, a daina shiga gona da bulala, gwamna John Murray ya yi ta jan ƙafa wajen sanarwa, bayi suka ɗauka takardar 'yanci ce ake ɓoye musu. Mutum fiye da 10,000 suka tashi. Sun kulle masu gandu a turu, kaɗan ƙwarai suka kashe, amma sojoji sun kashe tsakanin 100 da 250 daga cikinsu, aka kuma zartar wa fiye da 20 hukuncin kisa. An harbe Quamina a daji ranar 16 ga Satumba, aka rataye gawarsa da sarƙa a gaban Success. Jack an kore shi zuwa tsibirin Sen Lusiya. Malamin mishan John Smith an yanke masa hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a Fabrairu 1824.

Rumbun zai nuna maka gandun da mai shi da kuɗin. Labarin Quamina kuwa sai ka nemo shi a wani wuri ka ɗora a kan alƙaluman. Haka ma abin da ya biyo bayan diyya: Gladstone na cikin waɗanda suka fara shigo da ma'aikatan ƙwadago daga Indiya don maye gurbin bayi, jirage 2 suka sauke kusan mutum 400 a Gayana a Mayu 1838. A Agusta 2023 wasu daga zuriyarsa sun je Gayana sun nemi gafara a bainar jama'a, suka yi alkawarin fam 100,000 ga jami'ar ƙasar don bincike.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar duk lambar kuɗin da ta fito a shafin mutum a matsayin abin da ya shiga aljihunsa. Dubi kalmar da ke kusa da kowace takarda. Awardee shi ne wanda aka rubuta kuɗin da sunansa. Beneficiary shi ne wanda ya ci amfanin, ko da wani ne ya karɓa. Unsuccessful claimant ya nema bai samu ba, amma takardar tana nan a jerinsa da cikakken adadinta. Sannan wanda aka rubuta kuɗin da sunansa ma iri-iri ne: akwai mai gandu na ainihi, akwai mai riƙe da jingina, akwai wasiyyi da ya karɓa don magada, akwai amintaccen da yake riƙe wa mace ko maraya. Lauya ɗaya a Landan na iya fitowa a takardu goma alhali bai mallaki bawa ko ɗaya ba, shi kuwa mai jingina bai taɓa ganin gandun ba amma shi ya kwashe kuɗin, saboda mai gandun bashi ya riga ya cinye shi. Wanda ya tara lambobin ba tare da karanta matsayin ba zai fitar da jimlar da ba ta da tushe. Ƙari a kan haka, in mutum 2 ko 3 suka yi tarayya a takarda ɗaya, adadin yana bayyana a shafin kowannensu, don haka in ka haɗa na dangi gaba ɗaya sai ka ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu. Maganinsa shi ne ka riƙa rubuta sunan ƙasa da lambar takarda, ka ƙirga kowace lamba sau ɗaya tak.

Na biyu, sunayen wurare. Takardun diyya na Demerara suna ƙarƙashin British Guiana ne, domin an haɗa Demerara da Essequibo da Berbice a 1831. In ka nemi sunan ƙasar na yau, wato Guyana, ba za ka gan shi ba. Yankin a hannun 'yan Holan yake kafin su sallama shi a 1814, shi ya sa gandaye da yawa suke da sunayen harshensu, kuma akawun Ingila sun rubuta su yadda suka ga dama. Vreed-en-Hoop na iya zuwa a haɗe, ko a rabe, ko da ɗan bambancin harafi. Rubuta Vreed kaɗai. A ɗaya ɓangaren, sunaye irin Success da Hope da Friendship da Content sun cika Karibiyan, Jamaika kaɗai tana da su a gundumomi daban-daban. Kada ka yarda da suna sai ka haɗa shi da ƙasa, da gunduma, da sunan mai shi a shekarar da kake magana a kai.

Na uku, kuɗin kansa. An rubuta shi da fam da sule da kwabo, irin wanda dattawanmu suka yi ciniki da shi kafin sidi ya zo a 1965: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Fam 19 da sule 15 ba 19.15 ba ne, 19.75 ne. Duk wanda zai zuba alƙaluman a kwamfuta ya fara raba sule da 20, kwabo da 240.

Na huɗu ya fi sauran muhimmanci ga mai son fahimta. Ba farashi ɗaya aka biya a kan kowane mutum ba. An raba miliyan 20 ɗin tsakanin ƙasashe bisa yawan bayi da kuma matsakaicin farashin da aka sayar da bawa a kowace ƙasa daga 1822 zuwa 1830. Jamaika, mai bayi kusan 311,000, ta samu fam miliyan 6 da 'yan kai, wajen fam 20 a kan mutum. Barbados da Gayana kowace tana da bayi wajen 83,000, amma Barbados fam miliyan 1.7 ta samu, Gayana kuwa kusan miliyan 4.3, fiye da fam 50 a kan mutum. Dalili shi ne ƙasar Gayana sabuwa ce mai albarka, hannuwa sun yi ƙaranci, an rufe safara daga Afirka tun 1807, aka kuma taƙaita ɗauko bayi daga wasu tsibirai, sai farashi ya hau. Raba fam 106,769 na Gladstone da 2,508, za ka samu wajen fam 42 da rabi, tsakanin na Jamaika da na Gayana, daidai da yadda gandayensa suka rabu. A cikin ƙasa ɗaya ma an yi wa mutane aji: shugabannin aiki, masu sana'a, ma'aikatan gona, masu aikin gida, yara ƙanana, sai tsofaffi da marasa lafiya a can ƙasa. Shi ya sa gandaye biyu masu yawan mutane ɗaya suke fitowa da kuɗi daban.

Tambayar da kowa yake yi ita ce nawa ne a kuɗin yau. Rumbun bai ba da amsa ɗaya ba, kuma mun ga hikimar hakan. In aka bi hauhawar farashin kaya, na Gladstone yana kai wajen fam miliyan 10. In aka bi ma'aunin albashi ko girman tattalin arziki, jaridu sun kai shi sama da miliyan 80. Duk wanda zai kawo lamba ya faɗi ma'aunin da ya bi. Abin da ya fi shiga kunne shi ne a auna da kuɗin zamanin: lebura a gonakin Ingila yana samun wajen sule 10 a mako, fam 26 ke nan a shekara, don haka sai ya yi aikin shekara fiye da 4,000 kafin ya tara abin da aka ba mutum ɗaya.

Shafin gandu ma yana da nasa tarko. Yana kawo yawan bayi shekara-shekara, da rabon mata da maza inda aka samu, daga rajistar da aka riƙa yi duk bayan shekara 3 tun wajen 1817. In ka ga adadi ya ƙaru, kada ka ce haihuwa ce. A gandayen rake na Gayana da Jamaika mutuwa ta fi haihuwa yawa, ƙaruwa kusan kullum saye ne ko kwaso mutane daga wani gandu. Raguwar da take tafiya a hankali daga rajista zuwa rajista ita ce ainihin shaidar abin da rake yake yi wa jiki.

Babban giɓi: mutanen da aka ƙirga

Nan ne mai karatu na Zongo zai ji ciwo. Takardar diyya tana kama da littafin dillali a kasuwar shanu ta Ashaiman: sunan mai kaya, yawan kai, kuɗi. Mutum 2,508 na Gladstone lamba ce kawai a shafinsa. Wannan ba laifin malaman ba ne, haka takardun asali suke, kuma cibiyar UCL da take kula da rumbun ta fara aikin shigar da rajistar bayin Jamaika don cike giɓin, amma har yanzu ginshiƙin rumbun masu mallaka ne.

Sunayen suna nan a wani wuri. Rajistar bayi ta 1813 zuwa 1834, wadda ita ma tana cikin T71, tana ɗauke da suna, da shekarun da aka ƙiyasta, da launin fata, da ko haihuwar Afirka ne ko bacucane. Shafin Ancestry yana da hotunanta da jerin sunaye. Hanyar ita ce ka fara da UCL ka gano wanda ya mallaki gandun ko wakilin da ya yi rajista a shekarar da kake so, sannan ka nemi rajistar da sunan wannan mutumin, domin an jera ta ne bisa mai bayi. A ciki za ka yi ta cin karo da Cuffee da Quashie da Cudjoe da Quaco da Phibba da Abba, wato Kofi da Kwasi da Kojo da Kweku da Afua da Yaa a bakin akawun Ingila. Amma fa suna kaɗai ba hujjar asali ba ne, domin sunayen ranaku sun bazu har ga waɗanda aka haifa a can, kuma Turawa suna kiran duk wanda aka ɗauko daga gaɓar Gana ta yau Koromanti, daga sunan Kormantin, ko da daga arewa mai nisa aka kawo shi. Don jiragen da suka ɗauki mutane, shafin SlaveVoyages ne wurin zuwa. Ya ƙiyasta wajen mutum miliyan 1.2 da aka loda daga gaɓar Gana ta yau.

Musulmi sun fi kowa ɓacewa a waɗannan takardu, saboda an sauya musu suna. Misali sananne shi ne Abubakar al-Siddik, haihuwar Timbuktu, wanda aka kama a yaƙin Buna, aka bi da shi ta Bonduku da Kumasi har bakin teku, aka kai shi Jamaika. A can Edward Donlan ake kiransa, yana riƙe wa ubangijinsa lissafi da haruffan Larabci, sai a 1834 ya samu 'yanci. Da bai rubuta tarihinsa da hannunsa ba, babu abin da zai nuna wa mai duba rajista cewa wannan Edward almajiri ne ɗan gidan malamai. Wanda ya rubuta Abubakar ko Musa ko Hausa a akwatin bincike na UCL da fatan ganin nasa, ya sani ba ta nan ake shiga ba.

Abin da babu shi kwata-kwata

Ƙasar nan, wato Gana, ba ta cikin rabon 1834. An soke bauta a yankin mulkin mallaka na bakin teku ne a ƙarshen 1874, zamanin gwamna George Strahan, ba tare da an biya masu bayi diyya ba, Ashanti da arewa kuma sai 1908. Saboda haka babu Salaga a rumbun, babu fataken da suka haɗa goro da bayi a hanyar Gonja, babu bayin da suka gudu ko aka fanso suka shiga rundunar Hausawa da Baturen Ingila John Glover ya kafa. Wannan tarihin namu ne, da daɗinsa da ɗacinsa, kuma bai kamata zafin abin da Gladstone ya yi ya sa mu tsallake shi ba. Takardunsa suna ma'adanar takardun gwamnati ta PRAAD a Akra, a fayilolin ADM da bayanan kotuna inda bayi suka kai ƙarar iyayengijinsu bayan 1874, da ma'adanar Manhyia a Kumasi, da kuma bakin dattawa.

Haka nan babu 'yan Denmak, waɗanda suka riƙe fadar Osu har 1850 kuma suka yi gandun bayi a nan gida, irin Frederiksgave a Sesemi kusa da Abokobi, wanda yanzu gidan tarihi ne. Babu 'yan Holan masu Elmina, waɗanda suka biya gilda 300 a kan kowane bawa a Surinam a 1863. Babu Faransa, babu Burazil inda mutanen Tabom na Jamestown suka dawo daga can. Morishus da Kef suna ciki, amma bayanin mutanensu bai kai zurfin na Karibiyan ba. Ko a Karibiyan ɗin ma shafuka ba su yi daidai ba: attajiri mazaunin Ingila yana da tarihi mai tsawo, matar da take da bayi 2 ko 3 a Kingston sau da yawa suna da lamba ne kawai, alhali ƙananan masu bayi irin wannan, mata da yawa a cikinsu, su ne mafi yawan masu takardu.

A waya da a aji

Shafukan rubutu ne zalla, ba sa cin data, suna buɗewa ko da layi ba shi da ƙarfi. Taswirori ne masu nauyi, na adireshin masu bayi a Birtaniya da na gandayen Jamaika da Barbados da Girenada. Waɗannan a bar su sai an samu kwamfuta. Jerin takardu yana da faɗi, a kwantar da waya kafin a karanta, in ba haka ba kalmar matsayi, wadda ita ce mafi muhimmanci, tana iya ɓuya a gefe. Komai da Turanci yake, kuma Turancin lauyoyin gado da jingina na wancan ƙarni, don haka malamin da zai kai shi ajin sakandare ko makarantar dare ya fara fassara wa ɗalibai kalmomin matsayi a allo. Saboda ɗaukewar wuta da yankewar layi, ya fi kyau a adana shafukan da ake buƙata a matsayin PDF tun a gida, a buga shafin mutum ɗaya, na takarda ɗaya, da na gandu ɗaya. Waɗannan uku sun isa darasin sa'a guda: ɗalibai su mayar da sule da kwabo zuwa fam, su raba kuɗi da yawan mutane, su kwatanta gandun Gayana da na Jamaika, su faɗi dalilin bambancin.

Mai rubuta aikin jami'a ko mai shirya shirin rediyo kada ya tsaya a "UCL ta ce". Ya rubuta sunan ƙasa da lambar takarda, da ranar da aka yanke biyan, wadda a mafi yawan takardu take faɗawa a 1835 ko 1836, da yawan bayi, da adadin kuɗi har sule da kwabo, da matsayin mutumin, da lambar T71 da take cikin bayanin takardar, da kuma ranar da ya duba shafin. Ranar tana da amfani domin ana gyara rumbun ana ƙara masa bayani, kuma cibiyar tana karɓar gyara daga jama'a ta imel in mutum ya haɗa da hujjarsa.